Borrow ko lend, lie ko lay: ku dubi abin da ke kusa da kalmar

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'a barkanmu da war haka, ga mu kuma daga nan Birnin Kebbi. Kai mai ɗauka, ɗan ja baya kaɗan, gefen allon bai fito ba. Yauwa, tsaya nan.

Saƙonnin da suka shigo makon nan kusan duk magana ɗaya ce, musamman daga masu shirin JAMB. Kun san Turanci shi kaɗai tambaya 60 ne cikin 180, kuma a WAEC da NECO in ba ka kai C6 ba zancen jami'a ya tsaya. To kowa na cewa, Malam, borrow da lend sun hana mu sakat, say da tell haka, lie da lay kuwa ba a magana. Ba zan koma kan lokutan aikatau ba, mun yi wannan, wanda bai gani ba ya nemi darussan baya. Ku ɗauko littattafanku.

Abin da nake so ku daina shi ne haddar jeri. A rubuta borrow aro, lend ba da aro, a yi ta maimaitawa. Ranar jarrabawa sai ka ga duk ya tsere. Ni abin da nake koyarwa, kada ka fara da kalmar da ta rikita ka, fara da maƙwabtanta. Me ke gabanta, me ke bayanta. Su za su faɗa maka.

Bari mu fara da namu. In na ce na ari keke, kun gane ni na karɓa. In na ce ya ara mini keke, shi ya bayar. Tushen kalmar ɗaya ne, ar, amma ba Bahaushen da zai rikice, domin wannan ɗan mini ɗin ya riga ya nuna inda keken ya nufa. Haka na ranci dubu biyar, da ya ranta mini dubu biyar. Ku lura da wani abu mai ban sha'awa. Mu abin da muka damu da shi, shin abin da kansa za a maido ko madadinsa? Keke aro ne, fartanya aro ce. Kuɗi da gero kuwa rance, saboda cinye su za ka yi ka biya da wasu. Bature wannan bai dame shi ba sam, keke da kuɗi duk kalma ɗaya. Shi tambayarsa, daga hannun wa abin ya fita, hannun wa ya shiga? Wanda ya fita daga hannunsa ya yi lend. Wanda ya shiga hannunsa ya yi borrow.

Shi ya sa yaro yake cewa borrow me your biro. Ba wauta ba ce, ara mini ce ya ɗauko ya sa mata rigar Turanci. To ga ma'auni. Duk inda Hausarka ta kawo mini, masa, mata, mana, ko wa wane, lend ne. Inda ta kawo daga, ko a wurin wane, borrow ne, kuma za ka ga from na biye.

Ga misali, bari in rubuta. My uncle, sai gurbi, a water pump from his neighbour. Injin ban ruwa ke nan, irin na masu noman shinkafar rani a fadama. Kafin ka duba zaɓin da aka ba ka, rufe su da tafin hannu. Ni haka nake yi har yau. Karanta har ƙarshe. Ka ga from? Shi ke nan, borrowed. Yanzu in juya ta. The neighbour, gurbi, my uncle a water pump. Me ya biyo bayan gurbin nan take? Mutum. Mutum sannan kaya. Lent. Ba lended ba, don Allah, babu wannan kalmar, L E N T.

Wani zai ce, to Malam Can I borrow your pen fa, ba from, ba me? Dubi gaba. I ne, kuma biron wurina zai zo. Can I borrow, can you lend me. Biyun duk daidai ne, ni dai na fi son na farko in ina roƙon babba, ya fi sauƙi a baki.

Wannan ma'aunin bai tsaya ga aro ba. Ta koya mini ɗinki, na koyi ɗinki a wurinta. Kun ga mini ta sake fitowa? She taught me sewing. I learnt sewing from her. Ba a cewa learn me. Say da tell ma kusan haka ne: tell na son mutum a manne da ita, tell me, tell your father. Say ba ta ɗaukar mutum kai tsaye sai da to a tsakani. He said me kuskure ne. Akwai 'yan wurare da tell ke tafiya ba mutum, tell the truth, tell a lie, tell a story, waɗannan ku riƙe su yadda suke.

Bring da take ba zan ɓata muku lokaci ba, kawo da kai ne. Mota ta ɗauko albasa daga Aliero za ta kasuwar Jega. In kana Jega kana jira, they are bringing the onions. In kana Aliero kana kallon motar na tashi, they are taking them to Jega. Inda kake tsaye shi ne alƙali.

Sai ji. Kai, wannan kalma tamu akwai ɗaukar kaya. Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin sanyi, muna jin yunwa, muna jin Zabarmanci da Dakarci. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ya ga ji hear, sai ya ce I am hearing smell. A nan ma abin da ke bayan ji za ka duba. Sauti ne, hear. In da niyya ka kasa kunne, wato saurare, listen to. Wari ko ƙamshi, smell. Sanyi ko zafi, feel. Yunwa, I am hungry kawai. Harshe kuwa understand ko speak. Sha ma haka take, ruwa drink, magani take, mangwaro eat. Za mu ba sha darasinta ita kaɗai.

Af, kafin in manta. Ajinmu na ranar Asabar yana nan, mata da safe, maza bayan la'asar, kuma sauran gurbi kaɗan. Waɗanda ke Argungu da Yauri da Zuru da ba za su iya zuwa ba, muna tura darasin ta WhatsApp, da takardar atisaye. Kuɗin ba yawa, kuma wanda da gaske ba shi da hali ya yi mini magana, ba mu korar mai son karatu.

To yanzu ku gyara zama, ga wadda ta ba ni wuya. Lie da lay. Shekarata ta farko a aji na koyar da wannan ba daidai ba. Yara sama da hamsin suka kwafa a littafi. Da dare ina duba ƙamus na ga na juya su. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san wasu da abin da na rubuta za su shiga jarrabawa. Washegari na shiga na ce kowa ya buɗe shafin jiya ya soke. Tun ranar nake bin wannan a hankali, don haka ku yi haƙuri in na nanata.

Kwanta da kwantar da. Yaro ya kwanta, shi da kansa. Uwa ta kwantar da yaro, wani aka yi wa. Lie ita ce kwanta, ba ta da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. Lay ita ce kwantar da, ko shimfiɗa, ko ajiye abu a kwance, kuma dole ka iya tambaya, me aka kwantar? In akwai amsa, lay ce. In babu, lie ce.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Matsalar, shuɗaɗɗen lokacin lie shi ne lay. Ku sake ji. Kwanta, in ta zama jiya, lay take komawa, harafi da harafi irin ɗayar. Bari in jera. Lie, lay, lain. A ƙasa kuma, lay, layed, a'a, tsaya, kun ga hannu ya so ya kai ni. Ba Y E D ba. Miƙo mini tsumman nan. L A I D. Lay, laid, laid. Yauwa. Sai ta uku, lie ta ƙarya: lie, lied, lied.

To in ka ga lay a jimla, ya za ka san wacce ce? Abu biyu za ka duba, abin da ke bayanta da kuma lokaci. She lay on the mat yesterday. Bayan lay akwai on, ba a kwantar da komai ba, ga kuma yesterday. Ta kwanta ke nan. They lay the mats every Friday. Me suke shimfiɗawa? Tabarmi. Ga every Friday, abu ne na kullum. Wannan lay ta shimfiɗa ce. Kun gani? Rubutu ɗaya, amma maƙwabta sun raba gardama. Kaza ma lay take yi, hens lay eggs, domin akwai abin da ta ajiye, ƙwai. Haka lying: he is lying on the bed, yana kwance. He is lying to you, ƙarya yake maka. On da to kaɗai suka bambanta su.

In kun riƙe wannan, rise da raise kyauta ce. Tashi da ɗaga. The river rises in the rainy season, kogi da kansa yake cika, ba mai ɗaga shi. The traders raised the price of rice, me suka ɗaga? Farashi. Amma the price rose, ba raised ba, domin ba a ambaci mai ɗagawa ba kuma ba komai a bayanta. Rise, rose, risen.

Game da ƙamus, ni na takarda na fi so, amma na waya ma ya yi. Ku dai daina tsayawa a ma'ana. In ka buɗe na Oxford za ka ga an rubuta lend somebody something, borrow something from somebody, a wasu bugun an taƙaita su sb da sth. Wannan layin shi za ka kwafa, shi ne ke nuna maka wa ke zama kusa da wa.

Aikin gida, jimla uku, ku cike gurbi, kuma kowace ku rubuta mini da Hausa wace kalma ce ta nuna muku amsar. Amsa ba dalili ba zan duba ba. Ta ɗaya: The fishermen, gurbi, their nets on the river bank last night. Ta biyu: Who, gurbi, you that the market was closed? Ta uku: The sick man has, gurbi, in bed since Monday. Ta ukun nan ku kula da has. Kai, matso da wayar kan allon su samu su kwafa, ka bar ta kamar minti ɗaya kafin ka kashe.