Daga karofin Tokushima zuwa takardar Mino: rangadin sana'o'in hannu na Japan

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi wannan ƙyallen da ake tsamowa daga tukunya. Launinsa kore-kore ne, kamar ruwan gulbi da damina. Ku ɗan dakata. Ga shi nan iska ta buge shi, yana rikiɗa a gaban idonmu, ya koma shuɗi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata a Kano ya san wannan abin. To amma nan ba Kano ba ce, jihar Tokushima ce, a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, kuma daga nan rangadinmu zai fara.

Baƙon da ya zo yawon buɗe ido, ba shi farin hankici ake yi, ya tsoma sau uku ko huɗu, cikin rabin awa ya fito yana murna wai ya yi rini. A gaskiya ƙarshen aikin kawai ya taɓa. Asalin wahalar tun bara aka sha ta.

Shukar da suke samun shuni daga gare ta ba baban da muka sani ba ne, wani ganye ne daban da suke kira tade-ai. Ana yankansa lokacin zafi, a shanya, a raba ganye da kara. Idan kaka ta yi sai a tara busasshen ganyen tuli guda a cikin ɗaki mai daɓen ƙasa, a yayyafa masa ruwa, a lulluɓe da tabarmin kara. Kusan kowane mako sai an buɗe, an juya, an ƙara ruwa. Haka za a yi ta yi har kwana 100 ko kusa da haka. Tulin yana ɗaukar zafi har tururi ya tashi, warinsa kuwa sai ya sa mutum hawaye. Abin da ke fita a ƙarshe baƙi ne kamar taki, sunansa sukumo, kuma gidajen da suka rage suna yin sa a Tokushima ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Me ya sa Tokushima? Kogin Yoshino ne sila. A da yakan yi ambaliya lokacin guguwa ya lalata shinkafa, amma ya bar laka mai ni'ima a gonaki. Shi kuwa ganyen shuni an riga an girbe shi kafin ruwan ya zo. Da haka yankin, wanda a da ake kira Awa, ya yi arziki da shuni. Sai a 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin kanti a kasuwa, mai arha da saurin kamawa. Marinan ƙasar Hausa ma sun san irin wannan dukan.

Yanzu ga marini yana haɗa tukunya. Sukumo, ruwan toka, farar ƙasa ta ƙonannen bawon kawa, sai dusar alkama. Dusar nan abinci ce, domin akwai ƙwayoyin halitta a cikin ruwan, su ne ke narkar da shunin yadda zai iya shiga zare. Shi ya sa marinin ke kula da tukunya kamar mai jinyar jariri: ya motsa ta kullum, ya shinshina, wani har ɗanɗanawa yake yi da harshe. In sanyi ya yi yawa a hura mata wuta a gefe. Kumfar da kuke gani a sama, mai ƙyalli kamar jan ƙarfe, suna ce mata furen shuni, da ita ake gane ko tukunya na da lafiya. Launuka kuma kowanne da sunansa. Wani mai haske ƙwarai ana kiransa kame-nozoki, wato leƙen tukunya, kamar ƙyallen leƙawa kawai ya yi ya fito. Wani mai duhu ƙwarai, kachi-iro, shi mayaƙan samurai suka fi so, don sunan ya yi kama da kalmar nasara a harshensu.

Yawancin masu shirya irin wannan rangadi sukan bi da mutane Kyoto su ga masaƙan alharini na unguwar Nishijin. Wuri ne mai kyau, amma kallo ne daga nesa, mu wuce.

Arimatsu muka nufa, a gefen birnin Nagoya. An kafa garin a 1608 a kan tsohuwar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto. Ƙasar wurin ba ta noman kirki, sai mutanen suka koma sayar wa matafiya ƙyallaye masu zane. Sana'ar ita ce shibori: a ƙulle yadi da zare, ko a ɗinke, ko a naɗe, sannan a rina, inda aka matse ya fito fari. Salon ya taɓa haura 100. Akwai mai kama da saƙar gizo-gizo, akwai mai ɗige-ɗige irin na jikin ɗan barewa, akwai wanda ake naɗa yadi a jikin doguwar sanda a tattare shi, ya fito kamar ruwan sama mai iska. Ku kalli yatsun wannan dattijuwa. A al'adar garin mutum salo ɗaya yake riƙewa tun yarinta har tsufa, saboda haka in ta rasu babu magaji, salon ya bi ta.

Zangon ƙarshe shi ne Mino, a jihar Gifu, garin washi, wato takardar gargajiya ta Japan da ake yi da hannu. A 2014 hukumar UNESCO ta saka takardar Mino ta asali, tare da ta Sekishu da ta Hosokawa, cikin gadon al'adun duniya. A taskar Shosoin da ke Nara akwai rajistar iyalai ta yankin Mino da aka rubuta a shekara ta 702, har yau tana karantuwa.

Daga ɓawon wata bishiya mai suna kozo ake yin ta. A turara rassan, a saɓule ɓawon, a kankare baƙin baya, a dafa, sannan a zauna a cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara ana tsince datti da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a daka da taɓaryar katako har ya yi laushi.

Ga kuma abin da ya fi ba ni sha'awa. Kafin a fara ɗiba, sai a zuba wani ruwa mai yauƙi a cikin kwatarniyar. Daga saiwar tororo-aoi ake samo shi, shukar da 'yar'uwar kuɓewa ce ta jini. Yauƙin nan ba manne yake yi ba. Yana hana zarurrukan dunƙulewa ne, ya kuma rage saurin tsiyayar ruwa, sai mai aikin ya samu damar kaɗa faifansa na gora gaba da baya, hagu da dama, har zarurrukan su sarƙe. Zafi yana kashe yauƙin, kamar yadda miyar kuɓewa ke tsinkewa in ta kwana, dalili ke nan da ya sa takardar hunturu ta fi inganci.

Nan ma ana miƙa wa baƙo faifan ya gwada. Sai ka ga ruwan ya rinjayi hannunsa, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya yi shara-shara. Takardar baƙon a kan ƙarfe mai zafi ake busar da ita cikin 'yan mintuna, don ya tafi da abarsa. Ta masu gida kuwa tana can waje, manne a jikin alluna, tana jiran rana.