Kofi Bai Hana Su Rushewa Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Sharhinmu na yau ya shafi ƙwallon kwando, kuma za mu waiwayi ƙungiyoyin da suka taɓa cika zauruka da 'yan kallo a Amurka da Kanada, yau kuma ko ofis ba su da shi.

Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30 a yanzu. A shekarar 2024 ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanninta ta tsawon shekara 11 da kamfanonin Disney da NBC da Amazon, a kan kuɗi kimanin dala biliyan 76. Duk wanda ya ji wannan adadi zai zaci dama can a cikin daula aka haifi gasar. To, daga cikin ƙungiyoyi 11 da suka soma ta a 1946, uku ne kacal ke raye: Boston Celtics, da New York Knicks, sai Warriors wadda ta taso daga Philadelphia ta koma jihar California. Sauran takwas sun rushe. Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan tarihi shi ne, da yawa daga cikin ƙungiyoyin da suka durƙushe zakaru ne, wasu ma da kofi a hannu aka rufe su.

Mu fara daga tushe. Masu manyan zaurukan wasan hoki na kan ƙanƙara ne suka zauna a birnin New York ranar 6 ga watan Yunin 1946 suka kafa gasar, a lokacin sunanta BAA. Damuwarsu ita ce kada zaure ya kwana ba kowa a daren da babu hoki, don haka tun ranar farko lissafin tikiti ne a gaba. An yi wasan farko ranar 1 ga Nuwamba a birnin Toronto na Kanada, inda Knicks ta doke Toronto Huskies da maki 68 da 66. Domin jawo jama'a, sai aka yi shela cewa duk wanda ya fi George Nostrand tsayi, wato ɗan wasan Huskies mai ƙafa 6 da inci 8, zai shiga kyauta. Kaka ɗaya Huskies ta yi ta rufe, ita da ƙungiyoyin Cleveland da Detroit da Pittsburgh. Toronto ba ta sake samun ƙungiya ba sai a 1995 da aka kafa Raptors, wadda ta ɗauki kofi a 2019 a ƙarƙashin shugabancin Masai Ujiri, mutumin da ya tashi a Zariya.

A 1949 BAA ta haɗe da tsohuwar gasar NBL, aka raɗa wa sabuwar suna NBA, ƙungiyoyi suka kai 17. NBL ta shigo da ƙananan garuruwa irin su Sheboygan da Waterloo da Anderson, inda jama'ar gari ke ƙaunar ƙungiyarsu ƙwarai, sai dai zaurukansu ƙanana ne. Ta Anderson ma a zauren wata makarantar sakandare take wasa. Masu ƙungiyoyin manyan birane ba su ga ribar doguwar tafiya zuwa can ba. Kaka ɗaya aka yi, shida suka fita. Kafin ƙarshen 1954 takwas suka rage.

Ku ji yadda aka yi da 'yan wasan Chicago Stags da ta rushe a 1950. Manyan 'yan wasa uku suka rage ba a raba ba, ƙungiyoyi uku kuma suna jayayya a kansu. Sai aka rubuta sunayensu a takarda, aka jefa cikin hula, kowane mai ƙungiya ya sa hannu ya zaro. Mai Celtics ya zaro sunan Bob Cousy, wanda daga baya ya ci kofi shida da ita. Ba wanda ya tambayi ɗaya daga cikin ukun inda yake son ya zauna da iyalinsa.

Baltimore Bullets kuwa ita ce zakara a 1948. Ta doke Warriors a wasannin ƙarshe, Buddy Jeannette ne kocinta, shi ne kuma ɗan wasanta a fili. Bayan shekara shida kuɗi ya ƙare, ta rufe a watan Nuwamban 1954 bayan wasa 14 kacal a kakar. Hukumar gasar ta soke waɗannan wasanni daga kundinta kamar ba a taɓa yin su ba. Kada a rikita ta da wata Bullets da aka yi a Baltimore daga 1963, wadda yanzu ake kira Washington Wizards, suna kawai suka haɗa. Tun daga ranar babu ƙungiyar NBA da ta sake rushewa gaba ɗaya, sai dai ƙaura, kamar yadda aka kwashe SuperSonics daga Seattle zuwa Oklahoma City a 2008.

Labarin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na New York Renaissance, da aka fi sani da Rens. Bob Douglas, baƙar fata haifaffen tsibirin St. Kitts, ya kafa ta a 1923 a unguwar Harlem, a zamanin da ake rufe wa baƙaƙe ƙofa a manyan wasanni. Ba su da zauren kansu. Sai ya yi ciniki da wani gidan rawa mai suna Renaissance Casino: su ɗauki sunan gidan, shi kuma ya ba su wurin wasa. A kan daɓen rawa ake kafa kwanduna biyu, a buga wasa, idan an tashi a janye su, makaɗa su hau dandamali a shiga rawa. Yawancin wasanninsu a kan hanya suke yi, cikin motar bas, daga wannan gari zuwa wancan. Garuruwa da dama otal ba ya ba su ɗaki, gidan abinci ba ya sayar musu, sai su yi wasa su sake hawa mota su nemi inda za a karɓe su. A cikin wannan hali suka ci wasa 88 a jere a kakar 1932 zuwa 1933. A 1939 aka shirya gasar ƙwararru ta duniya karo na farko a Chicago, suka doke Oshkosh All-Stars, ƙungiyar fararen fata daga NBL, da maki 34 da 25, suka ɗauki kofin.

A ƙarshen 1948 NBL ta gayyace su su maye gurbin wata ƙungiyar Detroit da ta durƙushe a tsakiyar kaka, suka koma garin Dayton na jihar Ohio da wasa. Bayan 'yan watanni aka yi haɗakar da ta haifi NBA, ba a sa da su ba. Nan Rens ta ƙare, bayan shekara 26 tana wasa. NBA ta yi kakarta ta farko babu baƙar fata ko ɗaya. Sai ranar 31 ga Oktoban 1950 Earl Lloyd ya zama baƙar fata na farko da ya taka fili a gasar, sanye da rigar Washington Capitols, ita ma kuma a watan Janairun 1951 ta rufe. A yau baƙaƙen fata ne suka fi yawa a cikin 'yan wasan NBA. Gaskiya ne an shigar da Rens zauren karramawa na ƙwallon kwando a 1963, Douglas kuma a 1972, amma ni a ganina abin da suka cancanta tun 1949 shi ne gurbi a gasar.

Mu matso zuwa 1967, lokacin da aka kafa gasar ABA don ta yi gogayya da NBA. Ita ce mai ƙwallon nan mai launin ja da fari da shuɗi. Ita ta yayata layin maki uku, wanda NBA ba ta karɓa ba sai a 1979, ita ce kuma ta shirya gasar tsalle a danna ƙwallo cikin kwando a Denver a 1976, wadda Julius Erving ya lashe. Wasa kam akwai shi, abin da babu shi ne kwangilar talabijin mai tsoka. Virginia Squires ta sayar da Erving, ta sayar da George Gervin, duk don ta biya bashi, amma hakan bai cece ta ba. Da aka zo haɗewa a 1976, NBA ta karɓi huɗu: Denver Nuggets, Indiana Pacers, New York Nets da San Antonio Spurs. Biyu suka rage a waje, kuma yadda aka sallame su ya isa a tsaya a kai.

Ta farko ita ce Kentucky Colonels ta birnin Louisville, mahaifar Muhammad Ali. Babu ƙungiyar da ta kai ta yawan nasara a tarihin ABA, kuma ita ta ɗauki kofin 1975 da Artis Gilmore da Dan Issel da Louie Dampier. Shekara ɗaya bayan wannan kofi, mai ita John Y. Brown ya karɓi kimanin dala miliyan 3 ya amince a rufe ta. Aka raba 'yan wasanta, Chicago Bulls ta ɗauke Gilmore. Brown ya je ya sayi hannun jari a wata ƙungiyar NBA da ke Buffalo. Har yau Louisville ba ta da ƙungiya a NBA.

Ta biyu ita ce Spirits of St. Louis, mallakar wasu 'yan'uwa biyu 'yan kasuwar yadi, Ozzie da Daniel Silna. Su ba su yarda da sallama ta lokaci ɗaya kawai ba. Suka nemi a riƙa ba su kashi ɗaya bisa bakwai na kuɗin talabijin da kowace ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan huɗu za ta samu, har abada. A 1976 kuɗin talabijin bai taka kara ya karya ba, sai aka sa hannu. Da zamanin Magic Johnson da Larry Bird da Michael Jordan ya zo, kuɗin ya yi ta ninkuwa. An ruwaito cewa sun karɓi kusan dala miliyan 300 a tsawon shekaru, sannan a 2014 aka ba su wasu dala miliyan 500 don a warware yawancin yarjejeniyar. Ƙungiyar ba ta sake buga wasa ko ɗaya ba tun 1976. Ban ga laifinsu ba, ciniki suka yi da idonsu a buɗe. Amma 'yan wasan ABA da yawa, waɗanda guminsu ya sa gasar ta yi darajar da za a saya, sun tsufa cikin ƙunci suna neman fansho, kuma sai a 2022 NBA ta amince ta riƙa ba wasu daga cikinsu wani abu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce wannan duk tsohon zance ne. A ɓangaren mata, gasar WNBA ta fara a 1997, kuma Houston Comets ce ta lashe kofuna huɗu na farko a jere, daga 1997 zuwa 2000, a birnin da Hakeem Olajuwon ya ci kofi biyu da Rockets. Cynthia Cooper da Sheryl Swoopes da Tina Thompson ne ginshiƙanta. A watan Agustan 1999 cutar daji ta yi ajalin 'yar wasansu Kim Perrot mai lamba 10, ana tsaka da kaka. Abokan wasanta suka ci gaba cikin juyayi, suka ɗauki kofi na uku, suka sadaukar da shi gare ta. A 2007 mai Rockets ya sayar da Comets ga wani ɗan kasuwar kayan ɗaki, aka fitar da ita zuwa ƙaramin zaure, ba a jima ba shi ma ya sa ta a kasuwa. Lokacin ya zo daidai da durƙushewar tattalin arzikin duniya, ba a sami mai saye ba, a watan Disamban 2008 aka rufe ta. Sacramento Monarchs, zakarar 2005, ta bi sahu a 2009 da masu ita suka janye hannu. Hamchétou Maïga, 'yar ƙasar Mali, tana cikin waɗanda suka ci kofin 2005 da Monarchs, ta kuma yi wa Comets wasa. Duka waɗannan ƙungiyoyi biyu sun rushe.

Ƙungiyar da ta rushe ba ta da mai kare mata tarihi, domin babu ofishin da zai shirya bikin tunawa ko ya gayyato tsofaffin 'yan wasa a tafa musu. Wannan nauyi a kan hukumar gasar yake, kuma akwai abin da za ta iya yi ba tare da ta kashe ko kwabo ba. NBA tana ƙirga tarihinta daga 1946, ba ta lissafa kofunan NBL da aka ci tun daga 1937, ba ta kuma lissafa makin da aka ci a ABA. Julius Erving ya ci maki 30,026 a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan wasa, amma 18,364 ne kawai ke cikin kundin NBA, sauran 11,662 na zamaninsa a Squires da Nets an bar su a gefe. Gasar da ta gaji layin maki uku da ƙungiyoyi huɗu daga ABA ya kamata ta karɓi alƙalumanta ma, ta rubuta kofin Colonels na 1975 a inda ake rubuta na kowa, tun wasu daga cikin waɗanda suka ci shi suna da rai.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Mu kasance lafiya.