Beira: Ruwa Har Gwiwa, Na Sha Babu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina unguwar Munhava a birnin Beira, bakin teku a ƙasar Mozambik. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, wayar ma da ƙyar nake riƙe ta.

Kun ga wannan rijiyar? Bari in matso. In ka durƙusa ka miƙa hannu sai ka taɓa ruwan. Mu da muka taso inda sai an ƙulla igiya biyu guga ke kai wa ruwa, ganin farko cewa za mu yi mutanen nan sun huta. To ku dubi can, taku goma bai cika ba, masai ne. Garin nan a kwance yake, wasu unguwannin ma ba su fi teku tudu ba. Ranar da ruwa ya malale, rijiya da masai da kwata duk abu guda suke komawa, ga gishirin teku a kai.

Haka ta faru daren 14 ga Maris 2019, da guguwar Idai ta sauka. Ina garin. Kwanon ɗakina tun tsakar dare ya yi gaba, muka ƙarasa daren a rakuɓe jikin bango. Da gari ya waye na yi ta jimamin rufi da kayan shago, ashe babbar masifar tana bakin famfo. Na murɗa, ya yi tari sau biyu, shiru.

Ruwan famfon Beira daga kogin Pungwe ake janyo shi, a tace shi a Mutua can wajen Dondo, sannan injuna su turo shi gari. Injunan kuwa da lantarki suke aiki, guguwa ta kwantar da turakun wuta. Sai da aka yi kamar mako guda kafin hukumar ruwa ta FIPAG, da taimakon UNICEF, ta tayar da su da janareta. Mako guda fa! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: kana tafe cikin ruwa har gwiwa, maƙogwaronka a bushe. Ni da kaina na yi taimama, ruwa kewaye da ni, don abin da ke yawo a cikinsa ba ya faɗuwa. Tafasawa kuma da me? Gawayi ya jiƙe sharkaf.

Mai kuɗi ya sayi na roba har ya ƙare a kanti. Talaka ya ɗebi abin da ya samu ya bai wa yara. Ranar 27 ga Maris aka tabbatar da kwalara ta ɓulla, waɗanda suka kamu suka haura 6,000. Aka kawo rigakafi na ɗigawa a baki har 900,000, muka bi layi. Mutum sama da 600 guguwar ta kashe a Mozambik kaɗai, Allah Ya kyauta.

Ga maƙwabciyata nan ta fito. Mama, sannu da aiki! Ba ta jin Hausa, amma ta gane gaisuwa ce. Ku dubi jarkokinta, masu lita 20, jere a kan benci, ba ta yarda su taɓa ƙasa. Da guguwar Eloise ta zo a Janairun 2021, rediyo na fara gargaɗi ta cika su duka, ta ɗaure bakinsu da leda. A wurinta na koya. Wannan 'yar kwalbar kuma Certeza ce, ruwan kulorin: murfi ɗaya a jarka, ka girgiza, ka jira rabin awa. Yana da ɗan wari, shayi ma sai ka ji shi, amma na saba.

Hadari na haɗowa ta gabas, kuma jarkata biyu babu komai ciki. Bari in kashe wayar nan in je in kama layi kafin a ɗauke ruwa.