Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishina A Ranar Tseren Kwale-Kwale Na Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Yauri, Sarkin Ruwa, iyaye da malamai, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, labarin alherinka ya riga ka isowa bakin kogin Kwara, ba sai mun tsaya zayyana shi ba. Da yake rana na yi, bari mu fara da abin da ke hana mu barci: rigunan ceto. Yaran da za su yi tsere a gabanka yau, ko ɗaya ba ya da ita.

A ƙasar Yauri, yaro kan iya riƙe filafili kafin ya iya riƙe alƙalami. Kakanninmu Gungawa suna bin dorina a kwale-kwale tun kafin Bature ya zo ya raɗa wa wasanmu suna Rigata. A da can, makaranta ba ta koyar da tuƙi, daga gida ake zuwa da shi. Jirgin ma sassaƙen itace guda ne. Malami baƙo kan takure a tsakiya, rungume da rajista yana salati, 'yan ajinsa na tuƙa shi suna ƙunshe dariya. Ranar wasanni kuwa aji ke karawa da aji, ga kiɗa, ga guɗa a gaɓa.

Sai 1968 ta zo da madatsar Kainji. Ruwa ya shanye tsibiranmu, aka tashi garuruwa, kogin da muka sani kamar tafin hannu ya koma tafki. Wuta ta tafi birane, mu aka bar mana kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, suna jiran cikin jirgi. Daga baya jiragen katako masu inji suka shigo. Yaran yanzu sun ƙware a fizgar igiyar inji, amma kaɗan ne ke iya duban fuskar ruwa su gane iska na tafe. Tsere ya yi ta ja da baya.

Bayan hatsarin jirgin ruwa na Warra a Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, iyaye mata suka ce atafau 'ya'yansu ba su ƙara shiga ruwa da sunan wasa. Wa zai ga laifinsu? Gida-gida muka bi muna lallashi, tsofaffin matuƙa suka yarda su koyar kyauta, har 'yan mata suka kafa tasu ƙungiyar. Alƙawari ɗaya muka ɗaukar wa iyayen nan: za a samo riguna. Har yau da kunya muke haɗa ido da su a kasuwar Yelwa.

Muna kuma roƙon malamin iyo da kwale-kwale biyu, domin namu da tsumma da kwalta muke toshe su. Amma in ɗaya za a yi, ranka ya daɗe, a yi rigunan, daidai jikin yara, kafin ruwa ya cika. Da yawansu da jirgin ruwa suke zuwa aji kowace safiya.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Iyaye da Malamai