Lacca: Yadda Kwamfuta Ke Bin Sawun Duniyoyi da Wata

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwaikwayon sararin samaniya ya san abin da ke faruwa a gwajin farko. Ka sa Duniya ta kewaya Rana, ta yi 'yan zagaye lafiya lau, can sai ka ga da'irar tana buɗewa har Duniyar ta yi nata wuri.

Matsalar daga takun take. Kwamfuta taku-taku take tafiya: ta lissafa jan Rana a yanzu, ta matsar da Duniya tafiyar kwana ɗaya, ta sake lissafi. A hanya mafi sauƙi ta yin wannan, wato hanyar Euler, wadda ake fara koya muku, kowane taku yana ƙara wa Duniya ɗan kuzarin da ba ta da shi, yana ta taruwa. Wasu sai su rage tsawon takun, kwamfuta ta yi ta nishi, alhali jinkirta ɓarnar kawai suka yi. Maganin, ku rubuta wannan, layi biyu ne na manhajar za ku sauya wa wuri: ku fara sabunta gudun Duniyar, sannan ku lissafa sabon matsayi da sabon gudun. Kuzarin zai riƙa ɗan hawa da sauka, amma ba zai tsere ba. Irin wannan dabara masana biyu, Wisdom da Holman, suka inganta a 1991.

Wata kuwa ya fi taurin kai. Jan da Rana ke masa ya haura ninki biyu na wanda Duniya ke masa, don haka wanda ya sa Duniya da Wata kaɗai a lissafinsa ya yi aikin banza. Ga shi yana nisantar mu da kusan santimita 3.8 a shekara, an auna da madubin da 'yan sama jannatin Amurka na shirin Apollo suka bari a kansa. Sai da irin wannan ƙididdiga aka faɗi lokacin husufin Rana na 29 ga Maris 2006 tun kafin ya rufe Gusau da Katsina.

Makyuri ma, duniyar da ta fi kusa da Rana, lissafinta ba ya daidaita sai an sa gyaran da Einstein ya yi wa ƙa'idar jan nauyi a 1915.

Wani ya tambaya ɗazu ko lissafin yana da iyaka. Yana da ita. Masanin taurari Jacques Laskar ya nuna a 1989 cewa tafiyar duniyoyin da ke kusa da Rana tana da ruɗani: kuskuren mita 15 a matsayin Duniya yau zai kai kimanin kilomita miliyan 150 bayan shekara miliyan 100.