Kuɗi a Hannu Kafin Rumbu Ya Ƙare: Abin da Tallafi Ke Yi wa Gidan Manomi

Jama'a, assalamu alaikum. Me ya sa mutumin da ya noma gero da hannunsa shi ne ke sayen gero da tsada idan damina ta yi tsakiya?

Duk ɗan karkara ya san amsar. Da kaka hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, kuma a lokacin ne masu bin bashi ke sallama a ƙofar gida. Ga maganin yaro, ga suna, ga aurar da 'ya. Sai a buɗe rumbu a sayar da araha. Kafin watan Yuli rumbu ya yi ƙasa, kuma daidai lokacin ne gona ke neman mai ita. To amma gida babu na tuwo. Sai maigida ya saɓi fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo tiya ɗaya, tasa gonar kuwa ciyawa na cin ta. Noman firi ya makara, maimai ya makara, amfanin da za a girbe ya ragu. Wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya ci bashin da zai biya da buhu idan kaka ta yi. Baɗi a sake komawa gidan jiya.

Babu lalaci a cikin wannan labari. Rashin 'yan kuɗi ne a hannu a watannin da ake tsananin buƙatarsu. Wannan ramin ne tallafin kuɗi kai tsaye yake cikewa: a ba gida kuɗi, ba hatsi ba, ba taki ba, su da kansu su zaɓi abin da ya fi yi musu ciwo.

Mu leƙa Nijar. Tun 2011 gwamnatin ƙasar, da taimakon Bankin Duniya, ta fara wani shiri na bai wa gidaje marasa ƙarfi jika 10 na sefa (wato sefa dubu 10) kowane wata har tsawon shekara 2, a yankunan Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tillaberi. Galibi a hannun matar gida ake damƙa kuɗin. Jika 10 ba dukiya ba ce. Ƙarfinta shi ne an san ranar zuwanta. Matar da ta tabbata wata mai zuwa akwai abin da zai shigo za ta iya shiga adashi ba tare da tsoron jin kunya ranar zubi ba. Idan kwasarta ta zo, sai ta sayi akuya. Akuya ta haihu. Masu bincike da suka bi sawun gidajen sun tarar da dabbobi sun ƙaru, zubin adashi ya ƙaru, kuma a shekarun fari waɗannan gidaje sun fi maƙwabtansu iya riƙe cin abincinsu.

Adashin nan ma yana da tarihi da ya kamata mu yi alfahari da shi. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauye a kan tsarin asusu da aka sa wa suna Mata Masu Dubara: mata su riƙa zubi kowane mako, su ranta wa junansu, ƙarshen zango a fasa asusu a raba. Yau ana bin wannan tsari a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, kuma daga ƙasar Hausa ya tashi. Tallafin kuɗi idan ya tarar da irin wannan asusu a gari, ya tarar da inda zai zauna.

Daga baya shirin na Nijar ya ƙara wani mataki. Ban da kuɗin wata-wata, aka haɗa mata cikin ƙungiyoyin asusu, aka koya musu dabarun sana'a. Wasu aka ba su jari a dunƙule, jika 80. Wasu kuma ba a ba su jarin ba, sai aka tara gari gaba ɗaya, da mazaje da dattawa da malamai, aka nuna fim, aka zauna aka tattauna a kan sana'ar mata, sannan aka horar da matan a kan yanke shawara da tsara buri. Sakamakon ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Kowane rukuni ya ci gaba: abinci ya ƙaru, kuɗin da mata ke samu daga sana'a ya ƙaru. Amma idan aka auna da abin da aka kashe, rukunin da aka zauna da gari a kansa shi ya fi riba. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Matar da mijinta da surukarta suka goya wa baya, jarinta ba ya narkewa a cefane.

Ko hanyar da kuɗin ke bi tana da tasiri. Bayan farin da aka yi, a 2010 ƙungiyar Concern ta raba kuɗi wata 5 a ƙauyukan jihar Tawa. Wasu matan sai sun taka zuwa wurin rabo sun bi layi, wasu kuwa ta wayar salula kuɗinsu ke shigowa. Kuɗi ɗaya ne, amma gidajen masu waya sun fi cin abinci iri-iri. Ba su ɓata wuni a hanya ba, kuma ba kowa ya san ranar da kuɗin suka shigo ba, don haka matar ta fi samun ta cewa a kan yadda za a kashe su.

A Najeriya ma an gwada. A ƙananan hukumomin Anka da Tsafe a Zamfara, da Buji, Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun riƙa bai wa mata masu juna biyu naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara 2, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Tsumburewar yara ta ragu da kusan kashi 8 cikin 100. Abin da ba a sa a gaba ba kuma ya faru: matan suka ƙara shiga sana'a, suka ƙara mallakar dabbobi.

Na san abin da wasu ke cewa: tallafi yana kashe zuciya, yana mai da mutane cima-zaune. Zargi ne da ya cancanci amsa, kuma an bincika shi a ƙasashe da yawa. Ba a ga masu karɓa sun daina aiki ba, ba a ga sun ƙarar da kuɗin a taba da giya ba. Abin da ke sauyawa shi ne irin aikin: daga gonar wani zuwa gonar kai.

Inda matsala take na gaske shi ne wajen masu rabo. Idan jerin sunaye ya bi ta hannun 'yan siyasa, gwauruwar da ke bayan gari ba za ta shiga ba. Idan biya ya tsaya wata da watanni, kamar yadda aka dakatar da shirye-shiryen tallafi na tarayyar Najeriya a farkon 2024 saboda binciken almundahana, adashi ya watse, akuyar da aka saya ta koma kasuwa. Ga hauhawar farashi: naira 5,000 da aka fara bayarwa a wata wajen 2017 ba ta sayen abin da ta saya a lokacin. Kuma kuɗi ba sa gina asibiti, ba sa korar 'yan bindigar da suka hana mutanen Anka da Tsafe zuwa gonakinsu.

Saboda haka idan aka ce an kawo tallafi garinku, ku tambayi wanda ya rubuta sunayen, ku nemi a karanta su a bainar jama'a a ƙofar mai gari. Ku tambayi wata nawa za a yi ana biya, da ranar da za a riƙa biya. Idan kuma akwai jari a dunƙule, ku matsa a ba da shi kafin ruwan shuka, lokacin da ake neman iri da taki, ba bayan an gama maimai ba.