Fengwin ɗin Jamus da ke shawagi a iska: ba fikafikansa ne ke riƙe da shi ba

[Hoto: babban zaure, na'urori uku masu siffar fengwin, launin azurfa, suna shawagi a saman kawunan mutane]

Ku kalli wannan da kyau. Guda uku ne, suna sheƙi, suna yawo a saman kawunan mutane, ba igiya, ba waya. Suna kaɗa fikafikai a hankali, suna juya kai, suna kewaya juna. Duk lokacin da wannan bidiyo ya sake yawo a intanet, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce ƙarya ce, kwamfuta ce ta zana. Wasu kuma su ce shi ke nan, injiniyoyi sun sa fengwin ya tashi sama, abin da shi wannan tsuntsun teku mai iyo bai taɓa iyawa ba.

Masu cewa ƙarya ce, ban ga laifinsu ba. Ranar 1 ga Afrilu, 2008, BBC ta fitar da wani bidiyo na fengwin suna tashi daga ƙanƙarar Antatika zuwa dazukan Kudancin Amurka, kuma wasan ranar yaudara ta Afrilu ne, da kwamfuta aka haɗa shi. Amma wannan da kuke gani gaskiya ne. Sunansa AirPenguin. Kamfanin Festo na Jamus ne ya nuna shi a baje kolin masana'antu na birnin Hanofa a 2009, tare da ɗan'uwansa na cikin ruwa, AquaPenguin.

To, gida na biyu fa? Wurinsu zan daɗe, domin a nan ne kusan kowa ke zamewa.

[Hoto: fengwin na gaske yana dirowa daga kan ƙanƙara zuwa cikin teku]

Mu fara da mai abin. A tudu fengwin abin dariya ne, yana tafiya yana rangaji kamar zai faɗi. Amma ku bari ya shiga ruwa. Kun ga yadda ya koma? Irin da ake kira jento yakan kai gudun kilomita 36 a awa. Babban cikinsu, sarkin fengwin na Antatika, yakan nutsa fiye da mita 500, ya yi sama da minti 20 bai fito ya shaƙi iska ba. Ku lura da fikafikan. Ba ya turo ruwa baya da ƙafa kamar agwagwa. Kaɗa fikafikai yake yi sama da ƙasa, sak yadda tsuntsu ke yi a sararin sama. Ƙafafun na baya, aikinsu juya akala.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta iska kuwa da kaɗan ta haura giram ɗaya. Shi ya sa fiffiken fengwin gajere ne, mai tauri, ƙasusuwansa a cike suke, ba irin na sauran tsuntsaye masu rami a ciki ba. Kuma yana samun turi gaba idan ya sauke fiffike, yana sake samu idan ya ɗaga shi.

Yanzu ga wurin.

[Hoto: allo ya rabu biyu, tattabara tana tashi a hagu, fengwin yana iyo a dama]

Duk abin da zai yi tafiya ba tare da ya taka ƙasa ba, aiki biyu ne a gabansa. Dole wani abu ya riƙe nauyinsa kada ya faɗi, kuma dole wani abu ya tura shi gaba. Ku riƙe waɗannan biyun, ɗauka da turi.

Tattabarar da ke hagu, fikafikanta ne ke yin duka biyun. Su ne ke ɗauke da ita, su ne ke tura ta. Idan ta naɗe su a tsakiyar sama, ƙasa za ta yi.

Na dama kuwa an rage masa aiki. Ruwa ya riga ya ɗauki nauyinsa. Duk wanda ya taɓa shiga ruwa mai zurfi ya san yadda jiki ke yin sauƙi a ciki. Dalilin, masanin Girka Arkimidis ya bayyana shi tun fiye da shekara 2,200 da suka wuce: duk abin da ka tsoma a ruwa, ruwan zai tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture ya shiga wurinsa. Fengwin ma, saboda iskar da ke huhunsa da wadda ke maƙale cikin gashinsa, ruwa sama yake son mayar da shi. Wahalarsa a farkon nutso ita ce ya yi ƙasa. Idan zai dawo kuwa, a kusa da sama yakan daina kaɗa fikafikai gaba ɗaya, ruwa ya fito da shi. Ke nan fiffikensa bai taɓa ɗaukar nauyinsa ba. Turi yake yi da juya hanya, iyakarsa ke nan.

[Hoto: a dawo da AirPenguin, a rage gudun bidiyon]

To ku sake kallon na Festo da wannan ido. Wannan jiki mai sheƙi leda ce siririya, cike da iskar hiliyam, irin wadda ake zuba wa balan-balan ya tashi. Dokar Arkimidis ba ta tsaya a ruwa kaɗai ba, tana aiki a iska ma. Hiliyam ya fi iskar da muke shaƙa sauƙi kusan sau bakwai. Idan ka cika jaka mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da hiliyam, za ta iya ɗaga kusan kilo ɗaya. Kilo ɗaya tak.

Ku ji alƙaluman AirPenguin. Tsawonsa mita 3.7. Hiliyam ɗin da ke cikinsa ya kusa cika irin waccan jaka guda. Nauyinsa duka, da batir, da ƙananan injuna, da fikafikai, da na'urorin sarrafawa, kilo 1. Kun ga yadda lissafin ya zauna? Ba dace aka yi ba. An auna ne har abin da hiliyam ke ɗagawa ya yi daidai da nauyin na'urar, ta yadda ba ta yin sama, ba ta yin ƙasa. Daga nan fikafikan ba su da sauran kaya a kansu sai turi.

Wato AirPenguin iyo yake yi, a cikin iska. Abin da injiniyoyin suka yi shi ne, sun sauƙaƙa na'urar har iska ta zame mata abin da ruwa yake ga fengwin. Ni dai wannan ya fi burge ni fiye da labarin cewa an koya wa fengwin tashi. Mutum ya zauna ya tambayi kansa, mene ne ruwa ke yi wa wannan tsuntsu, kuma ta yaya zan sa iska ta yi wa na'urata irinsa?

Ga hanyar ganewa mafi sauƙi. Ku ɗauka an kashe injin. AirPenguin zai tsaya a inda yake, yana lilo. Yanzu ku kalli wannan.

[Hoto: SmartBird yana kewaya zaure]

Wannan SmartBird ne, na kamfanin Festo ɗin dai, daga 2011, an kwaikwayi wani tsuntsun bakin teku. Faɗin fikafikansa ya kusa mita 2, nauyinsa giram 450, babu hiliyam ko ɗigo. Wannan shi ne ke tashi na haƙiƙa. Kashe masa inji, zai sauko. Ku dubi yadda ba ya iya tsayawa wuri ɗaya, dole ya ci gaba da tafiya domin iska ta ci gaba da ratsa fikafikansa.

Idan wannan ya zauna muku, sauran tambayoyin da kansu za su warware. Me ya sa AirPenguin ya yi girma haka, alhali fengwin mafi girma da kaɗan ya wuce mita ɗaya? Domin kowane kilo yana buƙatar jakarsa ta hiliyam. Sarkin fengwin mai kilo 30, kafin a ɗaga shi da hiliyam sai an tanadi irin waɗancan jakunkuna wajen 30. Me ya sa yake tafiya a hankali? Jiki ne babba, mara nauyi, iska na tare shi ta ko'ina. Me ya sa kullum a cikin zaure ake nuna shi? Ku fitar da shi waje, iska ta ɗan kaɗa, sai dai ku bi shi da kallo.

Kuma ba wanda ke riƙe da rimot yana tuƙa kowane juyi. An kafa tashoshi a zauren da ke fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, su ne ke shata musu iyaka. Na'urorin na gane inda suke da wannan sautin, suna kuma musayar bayanai tsakaninsu ta rediyo.

[Hoto: AquaPenguin guda uku a cikin babban tankin ruwa]

Na ruwan ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba, hoton ya isa. Tsawonsa santimita 77, nauyinsa ya kusa kilo 10. Ku kwatanta da na sama: ya fi shi gajarta kusan sau biyar, ya fi shi nauyi kusan sau goma. Doka ɗaya ce, wurin zama ne ya bambanta. Fikafikansa ƙarfe ne mai lanƙwasa da aka lulluɓe da roba mai taushi, suna murɗewa a kowane kaɗawa. Yana juyawa a wuri mai ƙunci, har da baya yana iya yi, abin da fengwin na gaske ba ya yi. Ganinsa kuwa da sauti ne, yana aika ƙara ya saurari amsa-kuwwa, dabarar da aka koyo daga dabbar teku dolfin. Kamfanin EvoLogics na birnin Balin a Jamus ne ya yi wannan ɓangaren, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai Rudolf Bannasch, masanin halittu da ya yi shekaru yana nazarin fengwin har a Antatika.

Ku tsayar da hoton a nan, kan wuyan.

[Hoto: kusa da kai da wuyan AquaPenguin yana lanƙwasa]

Wannan lanƙwasa mai santsi ba daga fengwin aka samo ta ba, daga kifi ne. Idan ka danna jelar kifi da yatsa daga gefe, za ka zaci za ta kauce. A'a, lanƙwasowa take yi ta nufo yatsan, kamar za ta rungume shi. Wani masani a Balin, Leif Kniese, shi ya mayar da wannan ya zama tsarin gini: sanduna biyu masu lanƙwasa da suka haɗu a tsini, da ƙananan sanduna a tsakani suna haɗa su. Ja gefe ɗaya, dukan abin ya karkata. Da irin wannan tsari aka gina kai da jelar na'urorin biyu.

Masu tambayar amfanin me, ga amsarku a nan. Ba a yi AirPenguin don sayarwa ba. Amma wannan tsarin na jelar kifi ya koma yatsun hannun inji a masana'antu. Ku dubi yadda yake ɗaukar ƙwan lantarki, yana naɗe shi ba tare da ya fasa ba, sannan ya ɗauki wani abu mai siffa dabam da yatsun nan dai. Kamfanin Festo dama sana'arsa ke nan, kayan sarrafa injunan masana'antu.

EvoLogics kuma daga baya sun ƙera wata na'urar binciken teku mai suna Quadroin. Jikinta sak na fengwin, domin wannan siffa na ratsa ruwa da ƙaramin ƙarfi ƙwarai. Amma ku duba bayanta: farfela huɗu. Da aikin gaske ya zo, sun ɗauki jikin, sun ajiye kaɗa fikafikan. A ganina sun yi daidai. Kwaikwayon halitta ba ya nufin sai ka kwafe komai, ka ɗauki abin da ya warware maka matsala.

[Hoto: tsuntsayen murre a jikin dutse a bakin teku, ɗaya ya faɗa ruwa]

Saura tambaya ɗaya da ta cancanci amsa. Tunda na'urori biyu ne, ɗaya ta ruwa ɗaya ta iska, ba za a iya yin guda da za ta yi duka biyun ba? Akwai tsuntsayen da ke yi, kamar wannan murre na tekunan arewa, yana tashi yana kuma nutso da fikafikai. Amma yana biyan kuɗin abin da tsada. Wani bincike da aka wallafa a 2013, kan murre na arewacin Kanada, ya nuna ƙarfin da yake ƙonawa a tashi ya fi na duk tsuntsun da aka taɓa aunawa. Fiffiken da ya dace da ruwa ya yi wa iska ƙanƙanta. Fengwin gaba ɗaya ya bar wa ruwa nasa.

[Hoto: RoboBee kusa da yatsan mutum]

A jami'ar Habad ta Amurka an gwada da wannan 'yar mitsitsiyar na'ura mai siffar ƙwaro, RoboBee. A 2015 sun nuna cewa fiffike ɗaya zai iya aiki a wuri biyu idan an sauya saurin kaɗawa: sau 120 a daƙiƙa a iska, sau 9 kacal a ruwa. Sai wata matsala ta ɓullo inda ba a zata ba, wato fitowa. Ga abu mai nauyin miligiram 175, fuskar ruwa tana riƙe shi da ƙarfin da ya ninka nauyinsa fiye da sau goma, fikafikan ba za su iya ɓalle shi ba.

Ku ga abin da suka yi a 2017. Na'urar tana ɗiban ɗan ruwa a wani ƙaramin akwati a jikinta, ta raba shi da lantarki ya koma iskar haidirojin da oksijin. Iskar ta taso da ita har fikafikan su fito fili. Sannan ɗan tartsatsi ya kunna iskar.

[Hoto: RoboBee yana tsalle daga ruwa, a rage gudu sosai]

Fat! Ta yi sama. A wancan gwajin ba ta iya ci gaba da tashi nan take bayan fitowar ba, kuma wutar da take aiki da ita ta cikin siririyar waya ake ba ta daga waje. Ku sake kallonsa a hankali, ku lura da daidai lokacin da ruwan ya sake ta.